Muhawara: Soichiro Honda, ɗan maƙerin da ya hana 'ya'yansa gadon kamfaninsa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna kan mutumin da sunansa ke jikin babura da janaretoci da motocin da suka cika mana tituna, wato Soichiro Honda. An haife shi a 1906 a wani ƙauye kusa da garin Hamamatsu a Japan. Ubansa maƙeri ne mai gyaran kekuna, uwarsa masaƙiya. Iyakar bokonsa na ƙuruciya firamare. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a garejin Art Shokai, aka fara haɗa shi da rainon jaririn ubangidansa, ya yi watanni yana goyo kafin a bar shi ya riƙe sifana. Bayan shekara shida aka yaye shi, a 1928 ya buɗe reshen garejin a Hamamatsu.

Kamfanin da muka sani kuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya taso. A 1946 Japan ba mai, ba motocin haya, mutane suna wahalar zuwa ƙauye neman abinci. Sai ya sayi ƙananan injinan da sojoji suka bari, waɗanda suke ba rediyon yaƙi wuta, ya riƙa ɗaura su a jikin keke. Da suka ƙare ya ƙera nasa. A watan Satumba na 1948 aka yi wa Honda Motor rajista da jarin yen miliyan 1.

Amma ni ba injinan ne suka fi ɗaukar hankalina ba. Mutumin nan ya kafa kamfani da sunansa, amma bai yarda ya riƙe hatimin kamfanin ba, ya miƙa wa abokin aikinsa Takeo Fujisawa duk abin da ya shafi kuɗi da ciniki. Su biyun suka yi alkawari ba ɗan wanda zai shiga kamfanin. A 1973 kuma, yana da shekara 66, lafiyarsa ƙalau, suka sauka tare rana ɗaya. Ina ganin nan girmansa yake. Me kuka ce?

Baba Mai Gareji:
Wa'alaikumus salam. Ɗana Baban Ummi, ka tsallake wurin da ni nake ganin shi ne tushen mutumin. A 1936 ya yi mummunan hatsari a tseren mota, ya kusa rasa ransa. Da ya tashi sai ya ce ya gaji da gyaran abin da wasu suka ƙera, ya kafa kamfanin Tokai Seiki don yin ringin fistin. Duk bakanike ya san ringi: ɗan zobe ne siriri, ka ce wasa ne, amma in bai zauna daidai ba inji sai shan baƙin mai da hayaƙi. Honda ya ɗauka tunda hannunsa ya san ƙarfe, shi ke nan. Ya narka ya zuba, ringin yana fitowa yana karyewa. Ya kai wa Toyota samfuri 50, uku kaɗai suka tsallake gwaji.

Me ya yi? Mutum mai iyali, mai gareji da yara a ƙarƙashinsa, ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu ya zauna cikin samari yana koyon yadda ake haɗa ƙarfe, aka nuna masa abin da narkinsa ya rasa. Jarrabawa ma ya ƙi zama, don ba takarda ta kai shi ba, aka hana shi shaida bai damu ba. A ƙarshe Toyota ta riƙa sayen ringinsa har ta sayi hannun jari a kamfanin. Babban oga ya yarda ya koma ɗalibi, wannan abu ne da ba kasafai nake ganinsa a sana'armu ba.

Maman Khalifa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini uzuri zan kawo abin da ba a son ji. Mutumin nan yana dukan ma'aikatansa. Ba ɓoyayyen abu ba ne, tsofaffin injiniyoyin kamfanin da kansu suka riƙa ba da labari. In ya ga kuskure sai ya kai wa mutum naushi a ka, ko ya jefe shi da sifana ko duk abin da ke hannunsa. Har laƙabi suka yi masa da tsawa saboda faɗa. Ga shan giya, shi kansa bai ɓoye ba. Bayan yaƙi, da ya sayar wa Toyota ragowar Tokai Seiki a 1945, shekara guda ya yi a gida ba aiki, yana sha da abokai yana busa sarewa. Ni malama ce, kullum ina fama da iyayen da suke ganin duka ne ke sa yaro ya iya. In muka zo muna yabon irin wannan mutum ba tare da mun faɗi wannan ba, gobe wani mai gareji zai fasa wa ɗan mutane kai ya ce ai Honda ma haka ya yi.

Baba Mai Gareji:
'Yata, gaskiya kika faɗa, ba zan kare duka ba. Ni ma a hannun mai duka na koya, kuma tsoron da ya sa mini ya fi ilimin da ya ba ni yawa. Abin da zan ƙara kawai: waɗanda suka yi aiki da Honda sun ce abin da ke tayar masa da hankali shi ne sakaci a aikin da ran mutum ya rataya a kai, birki ko noti da ba a ɗaure ba. Kuma suna kiransa da sunan da ɗa ke kiran ubansa. Yana sa fararen kayan aiki irin nasu, yana kwana a masana'anta tare da su.

Maman Khalifa:
Baba, ai wanda ake duka yana iya son mai dukansa, wannan bai halatta dukan ba. Nawa ne suka tsaya har suka tsufa suka ba da labari cikin dariya? Waɗanda suka kasa jurewa suka tafi fa, wa ya ji nasu bakin?

Autan Gida:
Yaya Baban Ummi, don Allah a ɗan faɗaɗa mana batun Fujisawa. Ban taɓa jin sunansa ba sai yau.

Baban Ummi:
Ƙanena, ai rabin labarin ke nan. Sun haɗu a 1949, Honda yana da 42, Fujisawa ya girme masa a sanin kasuwa duk da cewa Honda ya ba shi shekara huɗu. A lokacin Honda ya iya ƙera babur amma bai iya karɓo kuɗinsa ba, dillalai suna ɗaukar kaya suna ɓacewa. Suka raba aiki: kai inji, ni kuɗi, kada wani ya sa wa wani baki.

Dubi abin da Fujisawa ya yi a 1952. Sun fito da ɗan inji mai suna Cub F da ake ɗaura wa keke, amma shagunan babura kaɗan ne kuma manyan kamfanoni sun riƙe su. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa shagunan kekuna kusan 50,000 a faɗin Japan, ya ce ga abin da za ku sayar, amma a fara biyan kuɗi kafin a aiko kaya. Dubbai suka amsa. A dare ɗaya kamfanin ya samu dillalai a kowane lungu, kuma ba bashi.

A shekarar nan ne kuma suka yi kasadar da ta kusa kashe su. Jarinsu yen miliyan 6, suka yi odar injinan ƙira na yen miliyan 450 daga Amurka da Turai. A 1954 kasuwa ta faɗi, wani babur ɗinsu mai suna Juno ya ƙi sayuwa, wani kuma ya riƙa ba da matsala, ga lokacin biyan bashi ya zo. Fujisawa ne ya bi masu kawo musu kaya yana roƙon su yi haƙuri, ya zauna da ƙungiyar ma'aikata, ya shawo kan bankin Mitsubishi. Shi kuwa Honda a tsakiyar wannan ƙunci ya fito ya yi shelar cewa zai shiga tseren babura na tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ireland, wanda shi ne mafi girma a duniya a lokacin. Da ya je kallo a shekarar ya ga baburan Jamus da Italiya sun ninka nasa ƙarfi. Bai janye ba. Suka shiga a 1959, a 1961 kuma baburan Honda suka kwashe na ɗaya zuwa na biyar a ajin injin 125cc da na 250cc.

Da ba Fujisawa, da kamfanin ya mutu a 1954. Da ba Honda, da Fujisawa ba shi da abin sayarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alhaji Ɗan Kwari:
Malam Baban Ummi, na karanta duka, kuma batun hana 'ya'ya gado ne ban yarda da shi ba. Mutum ya sha wahala shekara da shekaru don wa? In ɗanka ya cancanta, hana shi don kawai ɗanka ne shi ma zalunci ne. Kuma kada a nuna mana kamar haka Japan take gaba ɗaya. Toyota ta fi Honda girma, amma Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa ta, shi ya shugabance ta daga 2009 zuwa 2023. Suzuki fa? Osamu Suzuki surukin gidan ne, ya auri 'yar gida ya ɗauki sunansu, ya hau a 1978 ya yi shekaru sama da 40 yana juya kamfanin, kuma shi ya kai su Indiya inda suka mamaye kasuwa. Ashe gado bai hana ci gaba ba.

Na biyu, hatimi. Ku gaya mini ɗan kasuwar da zai miƙa wa wanda ba jininsa ba littafin banki ya juya baya. Honda ya yi sa'a ne ya faɗa hannun mai amana. Da ya faɗa hannun wani, yau ba wanda zai san sunansa.

Na Maraɗi:
Alhaji, ranka shi daɗe, maganarka da ƙamshin gaskiya. Ni ma ina so in ƙara cewa zamani ya taimake shi. Yaƙin Koriya da ya tashi a 1950 ya zuba kuɗi cikin masana'antun Japan. Dala ɗaya tana yen 360 tun daga 1949 har 1971, ba ta motsi, don haka kayansu suna da araha a waje kuma mai masana'anta ya san lissafinsa. Mutanensu kusan duk sun iya karatu. A ba wa bakanikenmu na Maraɗi ko Kano irin wannan, a ga abin da zai yi.

Baban Ummi:
Ɗan'uwa na Maraɗi, haka ne, amma zamanin nan ai kowa ya same shi. A farkon shekarun 1950 kamfanonin babura a Japan sun kai kusan 200. Tohatsu ta taɓa fin Honda ciniki. Yau huɗu suka rage: Honda, Yamaha, Suzuki, Kawasaki. Kuma gwamnati ba gata ta yi masa ba. A farkon shekarun 1960 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta shirya dokar da za ta taƙaita masu ƙera mota, a hana sababbi shiga don a ƙarfafa manya. Honda ya je ya yi musu tatas, ya ce gwamnati ba ta da hannun jari a kamfaninsa balle ta ba shi umarni. Ya hanzarta ya fito da 'yar akori-kura T360 da motar S500 a 1963 kafin a rufe ƙofa. Dokar ma daga baya ta mutu a majalisa. A 1964 ya shiga babban tseren motoci na Formula 1, a 1965 suka ci na farko a Mexico.

Alhaji, batun amana kuwa, ban ce sa'a ba ta ciki ba. Amma alkawarin hana 'ya'ya shiga shi ne ya tsare amanar. Da a ce kowannensu yana shirya wa ɗansa kujera, da tun wuri kowa ya fara jan nasa. Har ƙanen Honda, Benjiro, wanda aka fara wahalar da shi, sai da ya bar kamfanin. Ɗan Honda, Hirotoshi, kuwa ba a bar shi a titi ba, ya kafa nasa kamfanin na injinan tsere mai suna Mugen a 1973. Dukiya daban, kujera daban.

Alhaji Ɗan Kwari:
To wannan rabewar ta dukiya da kujera na fahimce ta. Gado hakkin magada ne, Allah ya raba, ba mai taɓa shi. Shugabanci kuwa wani abu ne. A kasuwarmu na ga gidajen da uba ya rasu, aka raba shaguna da kaya gida goma sha, kafin shekara uku ba ko ɗaya da ya tsaya. Da hannun jari aka raba aka bar kasuwancin a dunƙule, da ba haka ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa ɗa mai hazaƙa bai kamata a rufe masa ƙofa ba.

Injiniya Maman Sultan:
Ku ba ni dama in shigo, don akwai labarin da ya haɗa maganar Maman Khalifa da ta Baban Ummi. Yadda ya sauka ba cikin daɗin rai kawai ba ne, sai da aka kayar da shi a fagen da ya fi taƙama da shi.

Honda ya yi imani inji iska ya kamata ta sanyaya shi, kamar na babur. Hujjarsa ita ce ko ruwan lagireto ma ai iska ce ke sanyaya shi, to me ya sa za a ƙara kayan da za su iya yoyo? A 1969 suka fito da mota Honda 1300 mai injin iska. Dabarar ƙirar ta burge, amma injin ya yi nauyi, ya yi tsada, motar ba ta yi kasuwa ba. Ga kuma babbar matsala tana tafe: Amurka tana shirin tsaurara dokar hayaƙin mota, wadda ta fito a 1970 tana neman a rage gubar hayaƙi da kashi 90 cikin 100. Don a tsabtace hayaƙi dole zafin inji ya tsaya wuri ɗaya, ruwa ne ke iya wannan, iska ba ta iyawa. Matasan injiniyoyi sun san haka. Sun faɗa masa, ya yi musu tsawa. Ɗaya daga cikinsu, Tadashi Kume, takaici ya sa ya daina zuwa aiki na wani lokaci.

Duba nan, Yaya Maman Khalifa, abin da kike faɗa ne ya fito fili. Tsawar da ake yabo ita ce ta kusa toshe bakin masu gaskiya. Sai da suka zagaya ta wurin Fujisawa, wanda ba injiniya ba ne. Ya saurare su, ya je ya tambayi Honda: a kamfanin nan shugaba kake so ka zama, ko injiniya? Honda ya yi shiru, sannan ya ce shugaba. Ma'ana ya bar wa yara aikin inji. Daga nan aka yi Civic mai lagireto a 1972, da injin CVCC wanda ya zama na farko da ya cika sharaɗin dokar Amurka, a lokacin da manyan kamfanonin motocin Amurka na birnin Detroit suke cewa ba zai yiwu ba.

Akwai wani abu kuma da Honda da kansa ya ce ya girgiza shi. Ya gaya wa ma'aikata cewa dokar hayaƙin nan dama ce ta kamo manyan kamfanonin Amurka. Matasan suka mayar masa cewa su ba don kamfani suke wannan aiki ba, don iskar da jama'a za su shaƙa suke yi. Ya gane tunaninsa ya fara tsufa. Da Fujisawa ya ce zai sauka, Honda ya ce ba zai zauna shi kaɗai ba. Suka miƙa shugabanci ga Kiyoshi Kawashima, mai shekara 45, wanda ya shigo tun kamfanin yana rumfa. Kume ɗin nan da ya yi yaji, shi ya zama shugaba na uku a 1983.

Maman Khalifa:
Na gode ƙanwata, wannan ya fi mini duk labarin tsere. Abin da na ɗauka shi ne kamfanin ya tsira ne don akwai mutum ɗaya da ba ya tsoronsa. Ba kowane gareji ko ofis ke da irin Fujisawa ba. Inda babu shi, mai tsawa haka zai yi ta tafiya har ya kai kowa rami. Na yarda Honda ya yi abin da masu zafin rai kaɗan ke yi, ya ji magana da aka gaya masa, kuma bai rama kan yaron da ya yi masa gardama ba. Wannan na ba shi. Jifa da sifana kuwa ban ba shi ba.

Autan Gida:
Baba Mai Gareji, wai roba-roba da muke hawa asalinsa daga wajensa ne?

Baba Mai Gareji:
Daga wajensa ne, ɗana. Super Cub, 1958. Fujisawa ne ya ce yana son babur da mace za ta hau da siket, wanda yaron da ke kai taliya gidaje zai tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tire. Shi ya sa ba hannun kuloci, da ƙafa kake sa giya kuloci ya kama da kansa. Aka sa tanki ƙarƙashin kujera, aka buɗe tsakiya, aka sa garkuwar roba ta tare ƙafa daga taɓo. Injin 50cc ne mai bugu huɗu, ba a haɗa masa fetur da baƙin mai kamar yawancin ƙananan babura na lokacin. Da Fujisawa ya ga samfurin ya ce zai sayar da 30,000 a wata, mutane suka ɗauka a shekara yake nufi. Zuwa 2017 an ƙera miliyan 100, ba wani abin hawa mai inji da ya kai haka.

Sannan CG125 da ta fito a 1975, bayan ya sauka. Injiniyoyinsu sun zagaya ƙasashe masu tasowa suka ga mutane ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, suna lodin mutum uku da kaya, sai suka yi inji mai jure wulaƙanci. Yawancin baburan China da 'yan acaɓa suka yi ta hawa, in ka buɗe injin, tsarin CG ne. A Najeriya ma kamfanin yana da masana'antar haɗa babura a Ota ta jihar Ogun tun 1979.

Na Maraɗi:
Mu ma nan 'yan kabu-kabu irin injin nan suka sani, Baba. Ko yaron gareji na shekara ɗaya yana kwance shi ya mayar.

Baban Ummi:
Abu biyu da suka rage in faɗa. Bayan ya sauka, bai koma yana leƙa ofis yana gyara wa sababbi zama ba. Abin da ya yi shi ne zagaya Japan, masana'antu da shagunan dillalai da garejojin kamfanin, yana musabaha da ma'aikata yana yi musu godiya, har masu hannu da baƙin mai. Ya kuma sha faɗin cewa ya yi nadamar sa wa kamfanin sunansa, don kada a ɗauka kayan gida ne. Fujisawa ya rasu a ƙarshen 1988. A 1989 aka sa Honda cikin zauren girmamawa na masu masana'antar mota a Amurka, shi ne Bajapane na farko. Ya rasu ranar 5 ga Agusta 1991, ciwon hanta, yana da shekara 84. Ya bar wasiyya kada kamfani ya yi masa babban taron jana'iza, don bai dace mai ƙera mota ya jawo wa mutane cunkoso a titi ba. Aka yi tarukan godiya a wuraren kamfanin a madadinsa.

Alhaji Ɗan Kwari:
Malam Baban Ummi, tambaya ɗaya ta rage mini, kuma da gaske nake. Bayan su biyun sun tafi, me ya hana waɗanda suka gaje su cinye juna? Alkawarin mutum biyu ai da su yake tafiya.

Injiniya Maman Sultan:
Alhaji, ba su bar shi a baki ba, tsari suka yi tun suna kan kujera. A 1960 Fujisawa ya cire sashen bincike ya mayar da shi kamfani mai zaman kansa, ana ware masa kaso daga cinikin uwar kamfani, don kada mai lissafin riba ya riƙa yanke wa injiniya kuɗi duk shekarar da kasuwa ta yi sanyi. Dalilinsa shi ne ba za a sake samun Honda na biyu ba, don haka sai a tara mutane da yawa su yi aikin da shi kaɗai yake yi. Daga baya kuma ya hana manyan daraktoci zama kowa a ofishinsa, ya tara su a babban ɗaki ɗaya, suna ganin juna suna jin maganar juna. Shekaru kafin 1973 su biyun sun riga sun sakar wa daraktoci huɗu harkokin yau da kullum, Kawashima yana cikinsu. Kuma kamfanin yana kasuwar hannun jari ta Tokyo tun shekarun 1950, littattafansa a buɗe suke ga masu bincike. Shugabannin da suka biyo baya, daga Kawashima zuwa yau, duk daga cikin injiniyoyin gidan aka ɗauko su.

Alhaji Ɗan Kwari:
To wannan batun ɗaki ɗaya da buɗe littafi shi zan kai wa 'yan'uwana mu zauna a kai. Na ɗa kuwa ina nan kan bakana, Malam Baban Ummi. In Allah ya ba ni mai iyawa, zai fara daga ɗaukar dila kamar kowane yaron shago, amma ba zan ce masa ƙofa a rufe take ba.